Yatsu Huɗu a Kan Farin Ƙyalle

A kwarin Strathmorran ba a tambayar mutum sana'arsa, hannunsa ake kallo. Duk wanda ya shekara a marinar garin, hannunsa ja ne har wuyan hannu, jan da sabulu bai taɓa yi wa komai ba. Mutanen Glasgow kan yi musu ba'a, wai mahauta ne marasa nama. Su kuwa mutanen kwarin da wannan jan suke taƙama, don an san yadinsu a ko'ina da abu ɗaya: in jan ya kama, sai dai yadin ya yage, amma ba ya koɗewa.

Ninian Galbraith marini ne kamar ubansa, kuma shi ne mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallon garin. Shekara bakwai yana tsaye tsakanin sandunan nan biyu, cikin ruwa da taɓo, har gwiwarsa ta hagu ta fara gaya masa maganar da bai son ji. Shi ya san da kyar za ta kai shi baɗi. Abu ɗaya ya rage masa a rai. A watan Maris Scotland za ta kara da Ingila, mai tsaron gida ɗaya za a ɗauka, kuma duk wanda aka ɗauka ana ba shi hular ƙasa, ta shuɗin karan-miski mai tuntu. Babu wanda ya taɓa kawo wannan hular kwarin.

Ranar wata Asabar a Disambar 1878, 'yan Clydebrae suka zo daga Glasgow wasan cin kofi. Akawuna ne da 'ya'yan masu kanti, fararen hannu, wandunansu har da guga. Tare da su jirgin ƙasa ya sauke mutum uku masu dogayen huluna daga kwamitin da ke zaɓen 'yan wasan ƙasa. Ba a faɗa ba, amma har tsofaffin mata sun san wanda suka zo gani.

Ƙarfe ɗaya ake tashi aiki ran Asabar, ƙarfe biyu a fara wasa. Ranar kuwa wata tukunyar rini ta tumbatsa, shugaban aiki ya riƙe Ninian har ɗaya da rabi ta gota. Da aka sake shi da gudu ya haura filin, bai tsaya wanke hannu ba. Ya zura rigar wasa a kan ta ciki, wadda bakin hannayenta suka sha rini sharkaf.

A lokacin babu raga, babu sandar sama. Sanduna biyu ne a tsaye, sai farin ƙyalle mai faɗin yatsu uku da ake ɗaurewa daga kan wannan zuwa kan wancan. Ƙwallo ta bi ta ƙarƙashinsa, an ci. Ta bi ta sama, ba komai. Mai kula da ƙyallen Strathmorran shi ne Baldy McAusland, ƙanen mahaifiyar Ninian, tsoho mai sanƙo da bakin da ba ya hutawa. Shi ne kuma mai tutar ƙungiyar, domin kowane ɓangare na kawo nasa mai tuta, in sun kasa daidaitawa sai alƙalin wasa ya tako daga bakin fili ya raba gardama. Baldy bai taɓa sayen ƙyalle ba. Daga marina yake yanko shi, cikin farin yadin da aka riga aka jiƙa da mai da alif, wanda ba abin da yake jira sai rini.

Yayyafi ake tun safe. Hazo ya taso daga kogi ya haɗu da hayaƙin marina, har mutanen da ke wancan gefen filin suka koma inuwoyi. Strathmorran ta jefa ɗaya kafin a juya, daga nan kuma wasan ya dawo kan Ninian. Ya tare da hannu, ya tare da ƙirji, sau ɗaya ma da fuska. Duk sanda ya tashi daga taɓo sai ya saci kallon masu dogayen huluna, ya ga ɗayansu na rubutu a ɗan littafi.

Saura minti biyar, ɗan gaban Clydebrae, wani siririn saurayi mai suna Cuthbert Orr, ya kufce wa 'yan baya. Ninian ya fito tararsa. A taku na uku gwiwar ta ci amanarsa, ya turguɗe, Orr kuwa ya ɗaga ƙwallon ta saman kansa. Ninian ya juya da baya-baya, ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, ya miƙa hannu iya tsawonsa. Bai kai ga ƙwallon ba. Ƙyallen yatsunsa suka samu, kuma kafin zuciyarsa ta ce uffan, hannun ya riga ya ja shi ƙasa. Ƙwallon ta shafi samansa ta wuce, ƙyallen ya koma mazauninsa yana rawa.

Filin ya kaure. Orr ya ɗaga hannu yana neman hukunci. Mai tutar Clydebrae ya ce an ci, Baldy ya ce ta sama ta bi, ko makaho ya gani. Daga bakin fili alƙalin wasa, Mista Rennick, ya fara takowa a hankali da laimarsa.

A nan Ninian ya ɗaga kai. A bayan ƙyallen, gefen da ba ya kallon fili, ga yatsu huɗu nan a jere, jawur. Ruwan sama ya wanko rinin daga bakin rigarsa zuwa tafinsa. Ya sauke kai, ya gyara tsayuwa daidai ƙarƙashin shaidar, ya kai hannayensa baya.

Rennick gajere ne, laimar kuma babba. Ya zo ya tsaya gab da Ninian, ruwa na sauka daga bakinta.

"Galbraith, Orr ya ce ƙyallen ya motsa."

"Ƙwallo na bi, yallaɓai."

"Na ga yana rawa da idona," in ji Orr, yana haki. "Ƙarƙashi ta nufa. Na san abin da na buga."

"Iska ce, ɗan birni," Baldy ya ce. "A nan iska ba ta neman izini kafin ta kaɗa abu. Ku can a ofis taga kuke rufe mata."

Yana cikin maganar ya zagayo bayan sandar, ya ɗaga ido. Ninian ya ga lokacin da bakin tsohon ya tsaya. Ɗan shiru ne, bai kai ƙiftawa biyu ba, amma ga wanda ya san Baldy ya yi tsawo ƙwarai. Sai tsohon ya ci gaba da zuba, har ya fi da ƙarfi, yana jan Rennick da surutu zuwa cikin fili.

Rennick ya karkata laimar. Ninian ya ɗauka ƙyallen zai duba. Ashe ruwa kawai mutumin ya kakkaɓe, ya mayar da ita kansa.

"Ban gani ba, kuma ba na ba da abin da ban gani ba. A ci gaba."

Da aka tashi, tun kafin jama'a su keto filin, Baldy ya hau akwati ya kwance ƙyallen, ya nannaɗe shi, ya cusa cikin buhun rigunan wasa. Ninian ya nufo shi, amma mutane suka sure shi a kafaɗa suka yi cikin gari da shi. Yana sama yana waige, yana kallon buhun na nisa a bayan kawunsa.

Lahadi a kwarin ba a taɓa ruwa da sunan wanki, ko fito da baki ba a yi. A ƙofar coci Baldy ya matso kusa da shi kamar mai gyara masa kwala.

"'Yan Clydebrae sun kai ƙara," ya ce ƙasa-ƙasa. "Laraba a Glasgow. An ce mu zo da ƙyallen."

"Kawu..."

"Rufe mini baki. Buhun na ƙarƙashin gadona. Gobe in na dawo daga aiki zan sa shi a ruwan sanyi, bai kama ba tukuna, zai fita. Kai dai ka shiga ka yi waƙa kamar mutumin kirki."

Ninian ya zauna kusa da matarsa Effie, bai ji ko kalma ɗaya daga wa'azin ba. Effie 'yar masunta ce daga tsibirin Islay, shekararta biyu a kwarin. Ba ta san komai game da rini ba, ba ta kuma damu ta sani ba. A cikin danginta ana cewa ta auri marini ne don ta gaji da masunta da ƙaryar girman kifi. Ita ke wanke wa ƙungiyar riguna duk Litinin.

Abin da Baldy ya manta ke nan. Litinin ƙarfe tara, da aka busa na karin kumallo, Ninian ya hango tsohon na ratso tsakanin tukwane, sanƙonsa na naso.

"Matata ta aika wa Effie da buhun tun asuba. Yadda ta saba."

Ninian bai ɗauki kwanon kununsa ba. Ya fita a guje, gwiwar na sara, ya haura layin gidajen ma'aikata ya zagaya ɗakin wanki na bayan gida. Tun daga ƙofa tururi ya tare shi. Effie na tsaye kan babbar tukunyar ƙarfe, wuta na ci a ƙarƙashi, tana juyawa da sanda.

"Lafiya? Ko marinar ce ta kama wuta?"

"Ƙyallen fa?"

Ta sa sandar ta ɗago shi daga cikin tafasasshen ruwa. Fari fat, ya fi da haske. A tsakiyarsa yatsu huɗu, ja irin na kwarin, mai kyau, wanda shugaban aiki zai gani ya yaba.

"Sau uku ina mayar da shi," ta ce. "Ƙara fitowa yake yi."

"Kin tafasa shi."

"Fari ne. Me ake yi wa fari?"

Ya zauna a kan bokiti. Duk yaron kwarin ya san tafasa ce ke kama ja a jikin yadin da ya sha alif. Aikinsa ke nan tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya. Ya ji haushinta, ya kuma san ba ta da laifi, haushin ya rasa inda za shi ya dawo kansa.

Effie ta matse ƙyallen ta shimfiɗa a kan katakon wanki. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kamo hannun mijinta na dama, ta ɗora a kai. Yatsa ya hau yatsa, har da ɗan karkatar ƙaramin, wanda ya karye shekara uku da suka wuce.

"Ka ce mini ta sama ta bi."

"Ta sama ta bi."

"Ita kaɗai, ko an taimaka mata?"

Ya janye hannun. "Effie, hannun ne ya yi. Ban shirya ba."

"Na yarda. Hannu ne ya ja. To da mutumin nan mai laima ya tambaye ka, shi ma hannun ne ya ba shi amsa?"

"Kin san gwiwata. Bana ce kawai. In wannan ya je Glasgow, ba hula, ba kofi, kuma duk garin nan zai san ni na jawo. Ina za mu sa kanmu?"

"Inda muke sa shi da."

"Ki jefa shi wuta."

Ta dube shi, irin kallon da take yi wa kifi a kasuwa in tana shakkar kwanansa. Ta ninke ƙyallen gida huɗu.

"Na ji," ta ce. "Koma, za a rufe ƙofa."

Ran Laraba suka shiga jirgin safe shi da Baldy. Tsohon ya yanko sabon ƙyalle, ya ja shi cikin taɓo, ya wanke, ya shanya a hayaƙi, har ya fi na gaskiyar kama da tsohon ƙyalle. An yi zaman a wani ɗakin bene mai dogon tebur. Mutum bakwai na kwamiti, ciki har da masu dogayen huluna uku, sai Rennick, sai Orr a gefe da hularsa a gwiwa.

Baldy ya warware ƙyallen daga wannan kan tebur zuwa wancan. Aka auna shi. Orr ya tashi ya bi shi da yatsa tun daga farko, a hankali, ya juya shi ya sake bi. Orr ya kai ƙarshe, ya koma ya zauna.

Shugaban zaman, dattijo mai farin saje, ya cire tabarau.

"Mista Galbraith, ƙyalle ba ya magana, alƙali bai gani ba. Saura kai. Zan tambaye ka sau ɗaya, abin da ka faɗa shi za mu rubuta. Ka taɓa ƙyallen nan lokacin da ƙwallon ke wucewa?"

Ninian ya ga hannayensa a kan tebur, jajaye, kusa da fararen takardu. Ya so ya sauke su ƙasa, ya ji tsoron a lura. A gefensa Baldy ya yi tsit, abin da bai saba ba. Mutumin nan mai ɗan littafi ya ɗaga alƙalami yana jira.

"Ban taɓa ba, yallaɓai."

Alƙalamin ya sauka. Aka kori ƙarar.

A kan matakala Orr ya cim masa. Ninian ya shirya jin zagi, da ma zagin ya samu, da ya fi masa sauƙi.

"Galbraith, ka yafe mini," in ji saurayin. "Da na rantse na gani. Amma hazo ne, kuma mutum yakan ga abin da yake so. Babana ya yi ciniki da mutanen kwarinku shekara ashirin, ya ce maganarku kamar rininku take. Tunda ka ce, shi ke nan." Ya miƙo farin hannunsa. "In suka ɗauke ka, zan zo in yi maka tafi."

Ninian ya karɓi hannun. A jirgin komawa gida, Baldy taga ya yi ta kallo.

Effie ba ta tambaye shi yadda aka yi ba. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaure fuska a gaban mutane ba. Abincinsa na kan tebur a kan lokaci, rigunansa a wanke. Dariyar da takan yi masa in ya dawo da taɓo har kunne ce kawai ta ɗauke, kuma ta daina zuwa bakin fili. Wata uku suna haka. Sau biyu ya buɗe baki zai yi magana, sau biyun ya ce ta miƙo gishiri.

A farkon Maris wasiƙa ta zo, da ɗan akwati. An ɗauke shi. Maƙwabta suka cika ɗakin, Baldy ya buɗe akwatin, ya ciro hular. Ninian ya sa, sai ta zurma har kunnuwa ta rufe masa gira. Ɗakin ya fashe da dariya.

"Da kan mutanen Glasgow aka auna ta," in ji Baldy. "Nasu ya fi kumburi."

Da kowa ya watse, Ninian ya ajiye ta a gaban matarsa.

"Ko za ki rage mini ita? Jumma'a za mu tafi."

Ta juya hular, ta duba cikinta. "Ba a yanka irin wannan. Sai dai a sa mata ƙyalle daga ciki, ta kama kai."

"Yadda kika gani."

Safiyar Jumma'a shugabannin marina suka ba da awa guda, abin da ba su taɓa yi ba sai ranar jana'izar mai marinar. Layin ya cika maƙil. Masu busa sun zo, an tsara za a raka shi har tashar jirgi. Daga waje ake kiran sunansa, ana cewa ya fito da hular a ka. Yana jin muryar Baldy a bakin ƙofa yana korar masu leƙe.

Ninian ya gama ɗaure takalmi. Effie ta fito daga ƙuryar ɗaki da hular a hannu biyu, ta miƙa masa a buɗe, cikinta na kallon sama.

Ɗinkin ya yi kyau, ƙanana, a jere, irin na matan tsibiri. Farin ƙyalle ta zagaya cikin hular da shi. Daidai inda goshi zai zauna, ga yatsu huɗu, jawur, da ƙaramin a karkace.

A waje masu busa suka fara.

"Na ce ki ƙona shi."

"Ka ce. Na ce na ji."

"Wa ya gani?"

"Ba kowa. Ba kuma wanda zai gani, daga ciki yake." Muryarta ba zafi a ciki, shi ya fi ci masa rai. "Da shi ka saye ta, Ninian. Ban ga dalilin raba su ba."

Aka buga ƙofa. "Ɗan 'yar'uwata, jirgi ba ya jiran 'yan wasan ƙasa," Baldy ya ce ta waje. "Fito mutane su gani."

Ninian ya dubi ƙofar, ya dubi matarsa. Ya so ta ce masa ya zauna, ko ta ce ya tafi, ko ma ta yi kuka. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta kai hannu ta cire wani ɗan zare daga kafaɗar kwat ɗinsa.

Ya ɗaga hular ya sa. Ta zauna daram, ba ta motsi ko kaɗan.

"Yanzu ta yi maka daidai," in ji Effie, ta buɗe masa ƙofa.

Jama'a suka ɗauki sowa, jajayen hannaye a sama tun daga wannan kan layin har wancan. Ninian ya taka cikinsu yana murmushi yadda ake so ya yi. Tun daga ƙofar gidansa har tasha, yana jin yatsun nan huɗu dafe da goshinsa.